Yadda Na Kankare Randata a Kano

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na sha fura cikin natsuwa ba. Wannan ta shigo, "Iya Gambo, yaya Kano?" Kafin in kai tsakiya wata ta yi sallama, sai in koma farko. Jiya har mai kawo mini yumɓu daga Mirya ya tsayar da amalankensa a ƙofar gida ya ce shi ma sai ya ji. Shi ya sa na ce wa Mariyama matar ɗana, tunda ita ta yi lakwal, wato boko, ta ɗauko bik na rubutu ta zauna. In faɗa sau ɗaya, ta rubuta, duk wanda ya zo a karanta masa. Na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Wanda bai san ni ba, ni maginiya ce 'yar maginiya. A Mirya aka haife ni, aure ya kawo ni Damagaram, kuma har yau in kin sha ruwa mai sanyi a unguwarmu, ki leƙa gindin randar, hannuna ne.

Jikata Fassuma ce sanadin tafiyar. Wani Bakano mai kawo atamfa kasuwarmu ya gan ta, ya aure ta, ya tafi da ita. Yarinya ce mai kai, ta yi karatun koyarwa a nan, amma difilom ɗinta namu ne na Faransanci, can kuwa ba su cika yarda da shi ba. Da ƙyar wata makarantar yara ta ɗauke ta gwaji. Da ta zo Sallah na ga tana zagaya wata sabuwar randata da waya a hannu, tana duƙawa tana miƙewa kamar mai sayen saniya. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce foto take ɗauka, wai wasu samari a Kano za su sa randar cikin na'urar koyar da yara. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba, don kada ta ɗauka ban gane ba.

Bayan wani lokaci ta kira ni. Ta ce, "Kaka, an sa ranar da zan yi darasi a gaban mai makaranta da iyayen yara. In ya yi kyau, aji ya zama nawa. In ya lalace, sai in koma ɗaka in zauna. Ki zo mini da randar nan, ke da ita. Amma don Allah ki kawo ta yadda take."

Na ce to.

Yanzu ku gaya mini, mata. A cikinku wace ce za ta ɗauki randa tsirara, ja wur kamar an fito da ita daga wuta yanzu, ta tsallaka ƙasa da ita ta shiga gidan surukai? Mu a wurinmu abin da za a kai gidan surukai sai an yi masa ado. Na ce yarinya ce, kunya take ji kada ta wahalar da ni. Na aika aka sayo fenti mai mai, irin mai ƙyalli ɗin nan da ake shafa wa ƙofa. Na shafe ta fari fat daga wuya har gindi, na bi ta da furanni ja da kore, na ja mata baƙin layi a kafaɗa. Da ta bushe sai da maƙwabta suka taru. Na cika cikinta da dabinon Gidimuni, na ɗora kilishi a ƙunshe, na naɗe ta da zane, na sake naɗewa da tabarma.

A tasha muka fara da sofer mai tuƙa motar, wani siriri wai shi Ilu. Ya dubi ƙunshin ya ce a hau da shi bisa, inda aka jibge buhunan tattasai har da babur.

Na ce, "Bisa ina?"

Ya ce, "Bisa mota, Iya. Igiyata ba ta taɓa sakin kaya ba."

Na ce, "Igiyarka ta taɓa haihuwa? Wannan ni na haife ta. Kusa da ni za ta zauna."

Ya ce wurin mutum ne. Na ce to a rubuta ta mutum. Haka aka yi, aka ba ta wurinta a gefen taga, ni a tsakiya. Tun daga nan Ilu ya sa mata suna Hajiya. In ya ga rami a hanya sai ya waiwayo ya ce, "A riƙe Hajiya!" Duk motar a kwashe da dariya.

Ta hannun damana wata mata ce mai suna Atta, mai kai dabino Kano tun tana budurwa. Bakinta bai huta ba har muka wuce Takieta muka karkata kudu. Ita ta ce mini, "Iya, Kanawa fa sun manta randa. Kowa firji. In ba ta da kyau, a bayan gida za su ajiye ta su zuba mata toka." Na yi murmushi kawai, na dafa tabarma. A raina na ce za su ga kyau.

A Matamai aka tsaya salla. Na sayi rake, sai da na kai baki na tuna haƙoran da za su yi aikin sun riga ni tafiya. Atta ta karɓa ta sha, ta ba ni goro a madadi, shi ma sai da na daka shi da gindin moɗa.

Iyaka kuwa, ni na ɗauka zan ga ganuwa da ƙofa irin ta Birninmu na Damagaram. Ashe gora ce aka gicciye a hanya, sai rumfuna. Aka ce kowa ya sauko da katinsa. Na kwance bakin zane na miƙa nawa. Ma'aikacin ya dubi foton, ya dube ni, ya sake duban foton.

Ya ce, "Iya, wannan ke ce?"

Na ce, "Ni ce, kafin jikoki su cinye ni."

Ya yi dariya ya miƙo mini. A ɗaya ɓangaren kuma, kakin ya canza launi amma fuskokin namu ne, gero ma irin namu, har wani a cikinsu ya ce uwarsa 'yar Kance ce ta ƙasarmu. Shi ya ce a kwance Hajiya a gani. Na kwance da kaina, a hankali, don kowa ya samu kallo. Ya zuba mata ido. Ya ce, "Kai! Mama, wannan ai ta ɗakin amarya ce." Na cika masa hannu da dabino, ba don ya roƙa ba, don ya san abu mai kyau.

Daga nan hanya ta yi laushi, sai dai tsaye-tsaye. Kusa da Kazaure taya ta fashe, ƙara kamar bindiga. Kowa ya kama salati, ni na kama randa. Muka zauna gindin wata tsamiya ana canza taya, wata Bafillatana ta zo da nono, na sha na ji kamar ina gida, sai dai furarsu ta cika yaji.

Kano kuwa, ban san ta inda zan fara muku ba. Mota a bisa, mota a ƙasa, gada a kan gada. Wasu ƙananan kekuna masu ƙafa uku, rawaya, sun cika gari kamar fara ta sauka a gona. A cikin ɗaya Fassuma ta sa mu, ni da ita da randa, mai keken yana kutsawa tsakanin manyan motoci ina jin numfashinsu a kunnena. Kuma mutanen ba su da lokacin gaisuwa. Ki ce "ina wuni," kafin ki kai ga "ina gajiya" ya ba ki baya. Mu nan ai sai an tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi sanyi da zafi, har akuyar da ta yi ɗingishi bara.

Gidan surukar Fassuma muka sauka, Hajiya Binta, mace mai jiki, mai murya, mai tabarau. Ta karɓe ni hannu biyu, ba zan ci amanarta ba. Aka kai ni ɗaki mai fanka da wata katifa da na zauna ta haɗiye ni har ƙugu, sai da aka jawo ni. Na ce a ba ni tabarma. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ga nama ba a ƙirga, ga gurasa an jiƙa ta da ƙuli da mai. Na ci na yaba. Ni ma na fito da kilishi, Hajiya ta ɗanɗana, ta ce, "Ba laifi." Daga baya na ga ta kai sauran ɗakinta ta rufe da makulli. Ruwansu ne ban iya ba. Daga firji yake fitowa, ya soki dasashi kamar allura, ba ƙanshin ƙasa, ba komai. Kuran kuma, wato lantarki, in ya ɗauke, kowane gida sai ya tayar da injinsa, unguwa duka ta kama ruri.

Washegari da hantsi Fassuma ta ce a fito da randa ta gwada, don darasin gobe ne. Ta ɗauko na'urar, wani allon gilashi mai faɗin faranti, sun ce da shi tablet. Na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kira Hajiya, na kwance zane.

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Masha Allah! Damagaram!"

Na dubi Fassuma. Na ga fuskarta ta sauka. Ta ɗaga allon ta saita randar, ta matsa kusa, ta ja baya, ta zagaya. Ta goge gilashin da gyalenta ta sake. Sai ta zauna a bakin rijiya ta ɗora allon a cinya.

Ta ce, "Kaka, me na ce miki?"

Na ce, "Kin ce in kawo ta. Ga ta."

"Yadda take, na ce."

"Yadda take ai ba ta shiga gidan mutane."

Ta ce, "Na'urar nan zanenki ta sani. Wanda kika yi da tsinke a kafaɗa, da jan jikin. Da shi take gane ta. Yanzu kin rufe, ba ta ganin komai sai fari. Samarin da suka yi aikin kuma ba za su iya sakewa kafin gobe ba. Darasin ma duka a kan naso ne, yadda ruwa ke ratsa yumɓu ya yi sanyi. Wannan za ta yi naso?"

Ba za ta yi ba. Wannan ko jaririn magina ya sani, fenti yana toshe randa. Ni dai ban taɓa kawowa a raina cewa ruwa za a zuba mata ba. Na ɗauka kallonta za a yi. Wa zai ɗauko tsohuwa daga wata ƙasa don a zuba ruwa a randa?

Na ga hawaye ya taru mata, tana ƙoƙarin ɓoyewa don surukarta na tsaye. Yarinyar nan ni na yaye ta. Na san yadda ta yi karatun nan, da fitilar hannu, da tallan ƙosai kafin lakwal. Na dubi furannina ja da kore. Na ce, "Hajiya, kina da dutsen goge kaushi?"

Hajiya ta ce, "Na me?"

Na ce, "Na ƙafa. Kawo."

Mijin Fassuma ya ce a sa kalanzir, yanzu zai narke. Na ce, "Ɗana, koma kan atamfarka. In kalanzir ya shiga yumɓu, jikokinka ma sai sun ji warinsa." Ya sosa kai ya fita.

Na jiƙa dutse na fara gogewa. Furen farko da ya tafi, sai da na ji kamar fatata nake kankarewa. Can sai ga Hajiya ta cire tabarau, ta ɗaure zane, ta jawo kujera 'yar tsuguno da wani dutsen a hannu.

Na ce, "Hajiya, hannunki na lalle ne."

Ta ce, "Ke dai matsa. Kafin in zama Hajiya, ni ma na daka gero."

"A Kano? Na ɗauka a leda kuke haihuwarsa."

"Ji tsohuwa! Kin zo garinmu kin ɓata mana darasi, kuma kina da bakin magana."

Haka muka yini, tana tsokanata ina ramawa, farin ruwa na gangarowa tsakar gida. A kafaɗa na hana ta taɓawa, don kada zanen ya shafe. Nan da allura na bi shi, layi bayan layi, ina tono fentin da ya maƙale a ciki. Fassuma na zuwa da allonta tana gwadawa, ta girgiza kai, ta koma. Da la'asar ta yi, hannuwanmu sun mutu, rabin randa kawai muka ci. Ta sake ɗaga allon, sai na ji ta yi ƙara.

"Ya kama! Kaka, ya kama!"

Na ce to bari mu gama ɗaya gefen. Ta tsaya tana kallon randar, gefe ja, gefe fari da furanni. Ta ce, "A'a. Ku bar ta haka. Kada wanda ya ƙara taɓa ta." Ta sa aka cika ta da ruwa aka ajiye inda iska ke bi. Ban san me ta gani ba, amma na ga idonta ya dawo.

Da safe muka tafi, randa a cinyar mijinta cikin keke, ruwa na fallatsa masa a shadda. Ajin cike da yara, a baya kuma an jera iyaye a kan kujeru, da mai makarantar, wata doguwar mace da ba ta dariya. Aka ba ni kujera a gaba. Kunya ta kama ni da aka ɗora randar a tebur, rabi a kankare, kamar kan da wanzami ya fara ya gudu. Na ji wata uwa a baya ta ce, "Wannan kuma fa?" Na ƙi waiwayawa.

Fassuma ta jera cokalin ƙarfe, muciya, bokitin roba da kofin gilashi kusa da randar. Ta raba wa yara alluna, kowane gungu ɗaya. Ta miƙo mini nata ta ce in saita cokali.

Ku saurara da kyau, don nan ne kowa ke cewa in maimaita. Allon nan kamar taga yake. Kina duba cikinsa kina ganin tebur, kina ganin cokali, har ƙafafun yara a bayansa. Amma a kan cokalin sai ga wasu ƙwayoyi sun bayyana, a jere, a matse, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun Idi. Fassuma ta taɓa gilashin, wuta ta bayyana a bakin cokalin, ƙwayar farko ta yi ja ta fara rawa, ta tunkuɗi ta kusa, ita ma ta tunkuɗi ta gaba, nan da nan ja ya kai mariƙi. Na leƙa bayan allon. Cokali ne kawai a kwance, ba wuta ba komai. Na kai hannu na taɓa, sanyi ƙalau. Yara suka yi mini dariya, na ce ku yi, ku ma na ga kun leƙa.

Muciya kuwa cikinta kamar damin kara, duk rami, jan ya shiga ya rasa hanya. Wata 'yar yarinya mai kitso biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Shi ya sa Ummana ba ta tuƙa tuwo da cokali!" Roba kuma zare ne a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana.

Sai aka zo kan randa. Fassuma ta ce kafin kowa ya ɗaga allo, a zo a taɓa. Yara suka yi layi, hannu ɗaya a gefen ja, ɗaya a gefen fari. "Nan da sanyi!" "Nan ya jiƙe!" "Nan a bushe yake, Anti!" Ta ce, "Randa ɗaya, ruwa ɗaya. Me ya raba su?" Yara suka yi ta jefo amsa. Wani ya ce gefen ja ya fashe. Na ce daga kujerata, "Randata ba ta fashewa." Har mai makarantar sai da gefen bakinta ya motsa.

Sannan aka ɗaga alluna. Na ga jikin randata ya buɗe kamar an yanka kabewa. Cikin kaurin yumɓun nan ashe hanyoyi ne birjik, ƙanana, suna shiga juna kamar gidan gara. Ɗigon ruwa shuɗi-shuɗi suna bin su a hankali har su fito waje, iska ta ɗauke su, kowane ɗigo ya tafi da ɗan ja a bayansa, wato zafi. Fassuma ta ce, "Kaka, gaya musu abin da kike zubawa a yumɓu." Na miƙe na ce ƙaiƙayi, da dakakken tsingaro. Ta ce to ƙaiƙayin nan in an gasa randa wuta ke cinye shi, gurbinsa ne ya zama hanyoyin nan. Ni da na tsufa ina zuba ƙaiƙayi don uwata ta zuba, ita ma don tata ta zuba, ran nan na ga inda yake zuwa. Na daɗe ina kallo. Sai da ta karɓi allon daga hannuna.

Yarinyar nan mai kitso biyu ta ce, "To gefen farin, fenti ne ya toshe musu ƙofa?" Fassuma ta juya ta dubi mai makarantar. Iyaye suka fara tasowa da kansu, alhazai da manyan riguna suna layi a bayan yara don su taɓa randa.

Da aka tashi, mai makarantar ta kira Fassuma gefe. Ban ji duka ba, na dai ji "ajinki" na kuma ga yarinyar ta rufe fuska da gyale. Sannan matar ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, gaisuwa cikakkiya wannan karon. Ta ce suna so randar ta zauna a ajin. Ta ce ta ga an ɓata mini ado, in na yarda za ta sa mai fenti ya gyara gefen da aka kankare.

Na ce, "'Yata, duk wanda ya kusance ta da fenti, ki aiko a gaya mini. Na san hanya yanzu."

Dawowa ba ta da labari. Hajiya ta cika mini jaka da gurasa da turare, ta rako ni har tasha tana cewa in na sake zuwa in zo mata da dutsen kaushi sabo, na cinye nata. Na samu wurin taga ni kaɗai, na yi barci har iyaka.

Shekaranjiya da rana Fassuma ta kira. Ta ce, "Kaka, saurara." Na ji hayaniya, na ji ƙarar moɗa tana bugun bakin randa, wani yana cewa shi ne a gaba, wata tana cewa ƙarya ne, ya sha ɗazu. Ta ce tun da aka ajiye ta, ba mai zuwa da gorar ruwa daga gida. Ta ce bari ta kashe ta je ta raba su.

Na ce, "Bar su. Kada ki kashe tukuna."